Daga Amarillo zuwa Albuquerque a gida mai taya

Laraba, 18 ga Oktoba

Sanyi ne ya tashe ni tun kafin waya ta buga. A gefen garin Amarillo da ke jihar Texas a Amurka muka kwana, a wani fili da masu motar da ake zama cikinta kamar gida, irin wadda muke ciki, suke biyan kuɗin dare su jona wuta da ruwa. Na sauko a hankali don kada in tashi masu gida, amma ina, motar nan ko tari ka yi sai ta motsa. Alhaji ya riga ni tashi, yana tsugune a bakin ƙofa da butar da na ƙi bari a Zariya duk da dariyar da yara suka yi mini. Alƙibla a nan arewa maso gabas take, kuma har yau sai na duba waya kafin zuciyata ta yarda. Muka shimfiɗa darduma tsakanin teburin cin abinci da murhu, shi a gaba ni a baya, da ƙyar wurin ya ɗauke mu.

Masu motar surukanmu ne, iyayen matar babban yaronmu da ke Dallas. Dukansu sun yi ritaya, shi daga gyaran manyan motoci, ita daga aikin jinya. Suka sayar da gidansu, suka sayi wannan abin da suke kira RV, ya zama shi ne gidan. Yanzu da hunturu ya ƙarato za su gangara Arizona inda sanyi ba ya tsanani, hanyarsu kuwa ta Albuquerque ta bi, garin da Auta take da mijinta da yara. Su suka hana a saya mana tikitin jirgi. Ni da ƙafafuna suka kumbura a zaman fiye da awa 15 daga Doha zuwa Dallas, ban ko yi jayayyar kara ba.

Bayan mun karya, Baban Amarya ya sa safar hannu ta roba ya zagaya bayan mota. Alhaji ya bi shi, ni ma na leƙa ta taga. Ashe tanki uku gare ta: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanka da wanke-wanke, sai na ban-ɗaki. Ya jawo wani kakkauran tiyo ya zura a ramin da aka tanada, ya fara sakin na ban-ɗaki, sannan ya saki na wanke-wanke don ruwan sabulun ya ɗauraye tiyon. Dattijo ya haura 70, yana wannan aiki yana fito kamar ba komai. Alhaji ya dawo ya zauna shiru, can ya ce, “Hajiya, yau kam a rage ɓarnar ruwa.” Tun da aka yi auren nan ban taɓa jin ya damu da ruwan da nake zubarwa ba sai yau.

Aka cire wuta, aka danna wani maɓalli sai bangon falo ya shige ciki, ɗakin ya tsuke ya koma mota. Muka hau babbar hanya mai lamba 40 muka nufi yamma. Tafiyar yau wajen kilomita 460 ce. Alhaji ya zauna gaba kusa da direba, mu mata muna baya a teburi, kowacce ta ɗaura bel.

Ba mu yi nisa ba suka ce dole mu ga wani abu. Motoci ne ƙirar Cadillac guda 10, an binne kawunansu a ƙasa tsakiyar gona, gindinsu a sama, tun 1974. Mutane suna zuwa da gwangwanin fenti suna fesa musu abin da suka ga dama, har fentin ya yi kauri yana ɓarewa. Wai zane ne. Na yi murmushi saboda surukai, na ɗauki hoto saboda jikoki, sauran na bar wa cikina.

Abin da ya tsayar da hankalin Alhaji yana gaba kaɗan. Wari ne ya fara iso mana, sannan muka hango shanu baƙaƙe da jajaye maƙil a cikin shingaye, har inda ido ya tsaya, babu ciyawa ko ƙwaya ɗaya a ƙarƙashinsu. Nan ake turke su ana ɗura musu masara na wasu watanni kafin a kai su mayanka. Mutumin da ya ƙare aikinsa a ma’aikatar kula da dabbobi, sai ga shi ya manna fuska a gilashi yana jero tambayoyi: ina suke samun ruwa, me ake yi da kashin, wace allura ake musu. Baban Amarya ya amsa abin da ya sani, sauran ya ce shi injin ya sani ba saniya ba. Daga nan har iyaka hirarsu ba ta yanke ba. Hagu da dama kuwa manyan fankoki ne farare masu samar da lantarki, suna juyawa a hankali, ƙasa shimfiɗe ba tudu ba gangare.

Muna tsallakawa jihar New Mexico waya ta mayar da agogo baya da awa ɗaya. Tsakaninmu da gida ya zama awa 7 ke nan.

A wannan tsakanin ne na samu na yi wa Maman Amarya tambayar da ke cina tun jiya. Na ce, ’yar’uwa, ba ki kewar gida? Ta ajiye saƙar da take yi. Ta ce ’ya’ya uku gare su, ɗaya a Dallas, ɗaya a Oregon, ɗaya a North Carolina. Lokacin da suke da gida mai ɗaki huɗu, sau ɗaya a shekara yaran suke zuwa, shi ma ba duka ba, su kwana uku su juya. Ita ce mai sharar ɗakunan da babu mai kwana a ciki. Yanzu kuwa sai su ajiye mota a ƙofar gidan ɗa su yi wata guda, ta kai jikoki makaranta, ta ɗauko su, dare ya yi ta koma gadonta. Ba ta shiga kicin ɗin surukarta, surukarta ba ta gaji da ita ba. Wasiƙunsu ma wani kamfani ne yake karɓa a Texas, ya tura musu duk inda suka yada zango.

Na ce to idan ciwo ya zo fa? Idan ɗayanku ya faɗi, wane maƙwabci ne zai ji? Ta ce sun yi wannan maganar, ranar da idon tsoho ya daina ganin hanya za su sayar su kama ƙaramin gida kusa da ɗaya daga cikin yaran. Ta faɗe shi ne yadda mutum zai ce gobe zai je kasuwa.

Ban gamsu duka ba. A wurina tsoho yana bukatar ƙofar da aka san shi da ita, inda za a zo gaishe shi da Sallah, inda za a shimfiɗa tabarma ran da ta Allah ta kasance. Mutumin da adireshinsa akwatin wasiƙa ne, ina za a je yi masa ta’aziyya? Sai dai ina wannan tunani ina tuna ɗakuna uku da na kulle a gida na ba ƙanwata makullin. Mun taso muna ji ana cewa zumunta a ƙafa take, amma a da ƙafar yaro ce ke zuwa wurin babba. Ga mu yau mu huɗu, kowa da furfura da jakar magani, mu ne a kan hanya.

A Santa Rosa muka tsaya. Akwai wata rijiya ta Allah da suke kira Blue Hole, ruwanta shuɗi garau, zurfinta wajen mita 24, masu koyon nutso suna shiga da tulun iska a baya. Muka yi azahar da la’asar ƙasaru a gefen mota. Surukan suka ja gefe da kujerunsu ba tare da an ce musu komai ba, har tsohon ya kashe rediyo. Na kunna murhun gas na ɗumama dafa-dukan da na yi a Dallas, na fito da yajin da na zo da shi. Kilishi kam ban taho da shi ba, tun a gida yara suka ja kunnena cewa ba a shiga Amurka da nama. Baban Amarya ya barbaɗa yaji fiye da kima, ya yi gumi, ya ƙara.

A gidan mai na ga Alhaji yana lissafi da biro a bayan rasit. Galan ɗaya, wato kusan lita 4, ba ya kai motar nan mil 10. Ya juya kuɗin zuwa naira, ya kalle ni, ya ninke takardar ya sa a aljihu.

Daga nan hanya ta fara hawa. Wajen Clines Corners mun haura mita 2,000, kunnuwana suka toshe, iska tana bugun motar ta gefe, duk tirelar da ta wuce sai kwanuka su yi ƙara a cikin kabad. Na riƙe carbi da kyau. Maman Amarya ko a jikinta, saƙarta take yi. Sai muka gangara ta wani kwazazzabo tsakanin duwatsu, garin ya buɗe a gabanmu, dutsen Sandia a hannun dama.

Da muka shiga unguwa na ce Alhaji duba. Gidaje launin ƙasa, rufi a shafe, kan katakon rufi ya leƙo ta bango, ga indararo yana jiran damina. Ka rantse wani lungu ne a cikin birnin Zariya, in ban da jan barkono da suke kitsawa su rataye a ƙofa.

Auta tana tsaye a waje da goyo. Ta rungume ni tana “Umma, Umma,” ta kasa cewa komai, ni ma na kasa. Angona mai shekara biyar, wanda a waya kullum yake cika baki zai saya mini mota, sai ya ɓuya a bayan uwarsa yana leƙe. Na ce au, haka ake tarbar amarya? Na ƙetare teku ko ruwa ba za a ba ni ba? Kishiyar tawa kuwa, ’yar wata huɗu, ta kama mayafina ta kai baki. Hausar yaron ta gaisuwa ce kawai, sai “ina so” da “a’a”. Wannan aikina ne na makonnin nan.

Rigima ɗaya aka yi da dare. Mijin Auta ya gyara wa surukan ɗaki, suka ce sun gode, a motarsu za su kwana. Yaron nan ya shiga damuwa, ya zo yana ce wa Alhaji, “Baba, ka sa baki, ya za a ce baƙi sun kwana a titi a ƙofar gidana?” Alhaji ya fita ya roƙa, ya dawo ya ce a ƙyale su, katifarsu ta fi tamu. Aka ja musu wayar wuta daga gareji.

Na ba Auta kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa ta zuba a kwalabe. Gobe tuwo zan yi, kuma Maman Amarya ta ce in tashe ta kafin in ɗora, tana so ta ga yadda ake tuƙi.