Manyan mundaye da dogayen ƴan kunne: aikin maƙerin fari a Damagaram

Ni maƙerin fari ne, ɗan maƙera, kuma rumfata tana Zango a nan Damagaram. Azurfa ce aikina, sai tagulla in an buƙace ta. Zinariya kuwa sai wadda ta kawo tata. Ƴan shekarun nan abin da mata ke nema ya sauya. Da can mace za ta ce a yi mata ɗan siririn zobe da ƴan kunne ƙanana, waɗanda sai an matso kusa a gan su. Yanzu wadda ta shigo sai ta ce tana son abin da za a hango tun daga ƙofar gidan buki. Munduwa mai faɗin yatsa huɗu, zobe guda da ya haɗe yatsu biyu, sarƙa uku a jere kowace da tsawonta, ƴan kunnen da ba su yi kama da juna ba, na dama ya sauko har kafaɗa, na hagu ɗan guntu. Har da wanda ake maƙalawa a saman kunne ba tare da an huda ba.

Ƴan mata suna ɗauka wannan yayi daga waya ya fito, daga Dubai ko Faransa. Ni dai murmushi nake yi. Kakata tana da mundayen azurfa da yaro ba ya iya ɗaga biyu da hannu guda, kuma da su take fita kallon hawan Sallah a ƙofar fada. Garin nan mahaɗar ayari ne tun kafin Bature, kayan Agadas da na Kano da na Barno duk nan suke gamuwa. Azurfar da iyayenmu suka ƙera da yawanta tsohon kuɗi ne aka narka, wannan mai kan Mariya Tereza da ke ɗauke da shekarar 1780, wanda nauyinsa ya kai giram 28. A ƙarni na 19, zamanin Sarki Tanimu, maƙeran garin nan har igwa suka zuba. Mutanen da suka zuba igwa, babbar munduwa ce za ta gagare su?

Abin da ya bambanta yanzu shi ne, mace ta yau ba za ta yarda da nauyin da kakata ta ɗauka ba. Tana son girman, ba ta son wahalar. A nan ne ake gane maƙeri. Kowa na iya tara azurfa ya yi ƙaton ɗan kunne, amma kafin a watse daga wuni ya ja fatar kunne, hudar ta yi tsawo, mai shi ta cire ta jefa cikin jaka ba za ta ƙara sa shi ba. Ni ina buga azurfar ne har ta yi siriri ta baje, in lanƙwasa ta, in bar cikin fanko. Ƙarfe in ana bugunsa taurin kai yake yi, sai an mayar da shi wuta ya yi ja-ja, a tsoma a ruwa, sannan a ci gaba. Wanda ya yi gaggawa ya tsallake wannan, azurfa ta tsage masa a baki. Matan Filanin Mali suna sa ƴan kunnen zinariya masu murɗi da suka kusa kai tafin hannu, asirinsu ke nan, bugu ne har ƙarfen ya yi siriri. In na gama ɗan kunne mai tsawo, ina rataya shi a zare in ga yadda ya tsaya. In ya karkata gaba ko ya juya fuska gefe, maƙalin zan gyara, ko da kuwa zanen ya yi kyau. Su kuma waɗanda ba su yi kama da juna ba, ido na ganin bambanci amma ma'auni dole ya nuna kusan nauyi guda, in ba haka ba mai shi za ta yini tana taɓa kunne ɗaya.

Wajen kawuna na koyi wannan, a Birni. Zuga-zugi ya fara damƙa mini, na fatar akuya, kuma na daɗe a kansa kafin ya yarda in taɓa masaba. Ba ya yawan magana. In wuta ta yi yawa sai ya ce, “Ɗana, sassauta,” shi ke nan. Azurfa tana narkewa ne a wajen digiri 960, amma shi bai san lambar nan ba, launin gawayi yake dubawa da yadda azurfar ke juyi a cikin ƴar tukunya. Shi ya nuna mini zubin kaki: a siffanta abu da kakin zuma, a lulluɓe da yumɓu, a bari ya bushe a inuwa, a gasa kakin ya narke ya fita, a kwarara azurfa a gurbinsa. In ta huce dole a fasa yumɓun, don haka ba a taɓa samun biyu iri ɗaya. Daga nan sai magagari, sai zane da ƴan ƙananan kurfi, layi bayan layi, abin riƙe a ɗan guntun itace tsakanin ƙafafu. Ranar Alhamis yakan tafi da ni kasuwar Dole, mu tsaya wajen Buzaye masu kayan Agadas, ya ɗauki tanaghilt, wato abin wuyan azurfa na Agadas, ya juya bayansa ya miƙo mini. Gaba na mai saye ne, in ji shi, baya kuwa na maƙeri.

Har yau bayan abu nake fara dubawa, shi ya sa kayan da ke shigowa cikin kwali suke ƙona mini rai. An ɗauki siffar tanaghilt na Agadas, da na Ingal mai jan dutse, da na Tawa, da namu na Damagaram, cikin iri 21 da aka sani a ƙasar nan, an kai wa inji ya buga dubbai. Bayan ba zane, ba gyara, sai kaifi mai yagar mayafi. Ƙarfen kuma haɗin jan ƙarfe ne da nikel da tutiya, ba ƙwayar azurfa ko guda, amma mai tebur zai rantse miki azurfa ce. Wasu ma har lambar 925 suke bugawa a jiki. Lambar nan ma'anarta kashi 925 cikin 1000 azurfa ce, ragowar jan ƙarfe don ta yi ƙwari, kuma ba wuya ba ne a buga ta a kan kowane gwangwani. Mai ruwan zinariya kuwa, a zafin watan Afrilu na garin nan, gumi da turare ba sa barin sa ya ga Sallah biyu. Sai wuya ya yi kore, kunne ya yi ƙaiƙayi ya kumbura, sannan a zo mini da shi a ƙulle a leda wai in gyara. Me zan gyara? Tsinadari ma ba ya kama wasunsu.

Akwai abin da masu buga kayan nan ba su sani ba game da matanmu. Hoton da ake nuno mini a waya, galibi mace ce da wuya a buɗe, ƙatuwar sarƙa kwance a ƙirji. A nan kuwa mace za ta fita da lafaya ko babban mayafi ko hijabi, wuya da kunne duk a rufe sai an shiga cikin mata. Abin da ke fili shi ne hannu. Don haka nake ce wa mai son a gan ta, ta zuba kuɗinta a munduwa da zobe. Hannun da ya sha lalle, baƙi ko ja, in aka ɗora masa farar azurfa mai faɗi, ba sauran magana. Ina yin munduwa buɗaɗɗiya mai zanen Buzaye da baƙin itace a tsakiya, ina yin wadda aka haɗa da zobe da ƴar sarƙa ta bayan hannu, amare na son ta. Faffaɗan zobe kuma nakan goge cikinsa ya yi sumul, in ɗan ɗaga gefensa, saboda mai alwala sau biyar in ruwa ya kwanta a ƙarƙashi yatsa fari yake yi. Na kuma fara yin manyan allurai na maƙale ɗaurin kallabi da lafaya. Waɗannan bakin allurar ne aikin, ya shiga shadda bai ja zare ba.

Haɗa azurfa da fata shi ne abin da na fi jin daɗi. Dukawan Damagaram ba sai an gaya wa kowa ba, jar fatarsu da koriya da ɗinkinsu mai ƙanƙanta. Wani baduku maƙwabcina yana kitsa mini igiyar fata, ni kuma in rataya mata babban faifan azurfa mai zane, ko tsohon dutsen talhakimt, wannan mai kusurwa uku da huda. Tsofaffin da ke hannun mutane wasu daga Indiya suka zo, wasu a Jamus aka sassaƙa su, ayari ya kawo. Tun da Alphadi, mai tsara tufafi ɗan ƙasar nan, ya buɗe bikin nunin tufafin Afirka na FIMA a Tigidit kusa da Agadas a 1998, masu ɗinki na Yamai suka gane cewa kayanmu na tafiya da tufafin zamani, kuma har yau sukan aiko a yi musu na nuni. Su ba sa ciniki da yawa, sun san aikin.

Ciniki sai Hajiyoyinmu na gida. Za ta zauna a tabarma, ta gwada munduwa, ta ɗaga hannu ta juya, fuska ta nuna ta so, sannan ta ce, “Haba Malam, irin wannan fa na gani a kasuwa, kuɗin bai kai rabin naka ba.” Sai in ce, “Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri, juya bayanta ki gani.” In ta nace nakan ɗauko ma'auni in aza a gabanta, in goga gefen a dutse ta ga fari ne har ciki. Wata ta saya, wata ta tafi ta dawo bayan buki da koren wuya. Zinariya ma haka, tun da aka samu ta Jado, can arewacin ƙasar nan, a 2014 kowa ya zama masani, a kawo mini ɗan ƙullin gari a ce tsantsa ce, sai wuta ta nuna abin da ke ciki.

Wadda ke da tsofaffin mundayen uwa ko na kaka a ƙasan adaka, kada ta bari a narka mata su da gaggawa. Ta kawo in duba. Sau da yawa wanki da ruwan tsamiya da ɗan gyaran baki kawai suke buƙata, kuma sun fi duk abin da ke yayi yanzu girma. Mai son sabon aiki na Sallah ko na aure ta zo da wuri, don zubin kaki ba ya son gaggawa, yumɓu sai ya bushe da kansa. Kuma ta zo da ƙafarta. Ba na karɓar awon hannu ta waya, faffaɗar munduwa sai na gwada a tsintsiyar hannun mai ita.