Daga Kaduna Zuwa Lambun Shayin Kakara: Yadda Muke Kai Baƙi Tsaunin Mambila

Sana'armu kai mutane yawon buɗe ido ce. Ƙaramin kamfani ne a nan Kaduna, bas biyu ƙirar Hiace, direbobi uku, da bakanike guda da muke ɗauka idan tafiya ta yi nisa. Muna zuwa Yankari, muna zuwa Jos, amma babu tafiyar da ke cin shiri kamar ta Mambila. Mutum yakan zo ofis da hoto a wayarsa, tsaunuka kore shar, layukan shayi kamar an taje su da mataji, ya ce nan yake so a kai shi da iyalinsa. Abin da yake saye a gaskiya safiya guda ce a lambun shayin Kakara. Sauran kwanaki bakwai duk aikin kai shi ga wannan safiyar ne da dawo da shi gida lafiya, kuma a nan sana'ar take.

Mambila tana ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, kan iyaka da Kamaru, hedkwatarta Gembu. Sunan Sardauna ba baƙo ba ne ga mutumin Kaduna: bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 yankin ya shigo Najeriya, aka kira lardin da sarautar Firimiya Ahmadu Bello. Tsayin tsaunin ya kai kimanin mita 1,600 daga doron teku, a yankin kuma akwai Chappal Waddi mai mita 2,419, wanda ya fi ko'ina tsayi a ƙasar nan. Wannan tsayin shi ne dalilin shayin, shi ne dalilin sanyin, shi ne kuma dalilin wahalar mota.

Lokacin tafiya shi ne abu na farko da muke jayayya a kansa da masu zuwa. Yawanci suna son hutun Agusta saboda yara. Mu ba ma ɗaukar tafiyar Agusta. Damina a can tana farawa da wuri, ta daɗe ba ta ɗauke ba, kuma a tsakiyarta ƙasa na zaftarewa ta tare hanya, ruwa na cin gefen kwalta, hazo yakan rufe gaba har direba ya kasa ganin abin da ke taku goma. A Janairu da Fabrairu hanya ta yi kyau, amma ciyawa ta ƙone, ƙurar hunturu ta dushe tsaunuka, shayin ma ya rage toho. Daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba ne ake samun biyun tare: ruwa ya ja baya, kore bai tafi ba.

Hanyar da muke bi ita ce Kaduna, Saminaka, Jos, Bauchi, a kwana Gombe. Rana ta biyu Kaltungo, Numan, a kwana Jalingo. Rana ta uku Bali, Serti, Mayo Selbe, sai hawa. Tafiyar ta haura kilomita 1,000 zuwa kaɗai. Akwai masu haɗe kwana biyun farko su yi tafiyar dare don rage kuɗin masauki. Mu ba ma yi, ko da fasinja sun roƙa. Rana ta biyu da gangan muke barinta gajeriya, domin a isa Jalingo da la'asar, bakanike ya shiga ƙarƙashin mota da sauran haske, direba ya yi barci isasshe. A can kuma muke shiga tasha mu tambayi direbobin da suka sauko daga Gembu a ranar: ina hanya ta lalace, wace gada ake ratsewa, ina ne ba a tsayawa. Labarin makon jiya ba ya amfani a wannan hanya.

Bas ɗinmu mai cin mutum 18 ce, amma 12 muke ɗauka zuwa Mambila. Dalilin ba jin daɗi ba ne kawai. Iska tana yin shara-shara a sama, injin da ba shi da tobo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300 da ya hau, wato kafin a kai saman ya rasa wajen kashi 15. Motar da ke gudu da cikakken lodi a titin Kaduna zuwa Zariya, a can sai ta riƙa nishi a giya ta biyu. In aka cika ta, kuloci ne ke biya.

Mako guda kafin tashi mota take kwana a gareji. Ana canza baƙin mai, a wanke lagireto, a duba murfinsa da tiyo-tiyonsa, domin tiyon da ya yi taushi a hannu a kan hawa zai fashe. Ana sa sabon takalmin birki gaba da baya ko da na ciki bai ƙare ba. Sai abin da mutane suka fi rainawa: man birki. Wannan man yana shan danshin iska a hankali, kuma idan ya sha ruwa yakan tafasa da wuri. A doguwar gangara birki ya yi zafi, man ya tafasa a cikin bututu, direba ya taka ya ji ƙafarsa ta tafi ƙasa babu komai. Shi ya sa ba ƙari muke yi ba, zubar da tsohon ake yi gaba ɗaya a zuba sabo, a fitar da iska a ƙafafu huɗu. Daga Panteka muke sayo fanbel biyu, tiyon lagireto, fiyus, da famfon mai na ajiya. Safaya biyu muke ɗauka, da jarkar ruwa mai lita 25, da katako biyu na tare taya.

Hawan yana farawa ne bayan Mayo Selbe, kuma a nan ne wurin da ake kira Hawan Biyu da Sisi, sunan da ya samo asali daga kuɗin zamanin sule da sisi. Kafin a fara muna tsayawa minti 20 a ƙasa, inji ya huce, a duba ruwa, kowa ya kama ruwa. Ana kashe na'urar sanyaya mota. Direba yana zaɓar giya tun kafin kwana, ba a tsakiyarta ba, yana yin hon a duk kwanar da ba ya ganin bayanta, saboda manyan motocin katako da na shanu suna saukowa da faɗinsu. Idan allurar zafi ta wuce rabi, a nemi wuri mai faɗi a tsaya, a tare taya, a bar inji yana aiki a hankali har ta sauka. Ba a buɗe murfin lagireto da zafi, ba a kuma watsa wa inji ruwan sanyi. Ga fasinja, kunnuwa za su toshe, a haɗiye yawu ko a tauna cingam. Mai yawan amai a mota ya sha maganinsa awa guda kafin hawa, ya zauna gaba, kada a cika ciki da abinci mai maiƙo a Serti. Ƙa'idarmu a kai saman, wajen Maisamari, kafin ƙarfe 4 na yamma, domin hazo yana sauka da wuri.

Sanyin ma sai an yi masa shiri. Mutumin Kaduna yana ganin ya san hunturu, amma namu busasshe ne, na can mai danshi ne, yana ratsa shadda kamar babu komai a jiki. Muna tura kowa Kasuwar Barci ya nemo rigar sanyi mai kauri, safar ƙafa biyu-biyu, hular sanyi ga yara, da takalmi rufaffe mai kama ƙasa, domin jar ƙasar can idan ta jiƙe santsi gare ta. Bargo kowa ya zo da nasa. Muna ɗaukar risho da babbar buta saboda ruwan alwalar asuba, musamman don dattawa, kuma da yake matafiya ne muna tsara tsayuwa yadda za a yi ƙasaru a haɗa azahar da la'asar a gari, ba a bakin daji ba. Mai asma ko ciwon zuciya ya ga likitansa kafin ya biya kuɗi. A riƙe katin shaida saboda shingayen jami'an tsaro, a riƙe tsabar kuɗi saboda sabis na ɗaukewa.

Yanzu ga safiyar da aka yi duk wannan dominta. A Kakara ake noman shayin Highland, kuma tun shekarun 1970 aka kafa lambun. A kusa, a Kusuku, akwai reshen cibiyar binciken koko ta ƙasa da ke aiki kan shayi da kofi. Ba a faɗa wa masana'anta kai tsaye da bas cike da mutane. Muna rubuta wa hukumar wurin takarda tun mako biyu kafin zuwa, mu faɗi yawanmu, mu tambayi ranar da injuna za su yi aiki, domin aikinsu ya dogara da yawan ganyen da aka tsinko. Wanda ya je ranar da babu ganye, ginin kawai zai gani.

Muna barin masauki bayan sallar asuba don a iske masu tsinka sun shiga layi. Nan ne nake so kowane baƙo ya matso kusa, ya bar ɗaukar hoto na minti biyar. Ga mace da kwando a baya, hannayenta biyu suna tafiya a kan shukar, tana kama kan reshe tsakanin babban yatsa da manuni, ta karya, ta tara a tafi, ta jefa ta kafaɗa ba tare da ta waiwaya ba. Abin da take ɗauka ganye biyu ne da toho guda a tsakiyarsu, masu launin kore mai haske, da raɓa a jikinsu. Ganyen ƙasa mai duhu da kauri ba a so, shi ke sa shayi ya zama kara-kara marar ƙamshi. Shukar da ake gani iya ƙugu, saman a baje kamar tebur, asalinta bishiya ce. In an ƙyale ta sai ta wuce ɗaki tsayi. Aski ne ake yi mata duk shekara uku zuwa huɗu, tsinka kuma ake komawa kowane layi bayan mako ɗaya zuwa biyu. Tana son ƙasa mai tsami, ruwan sama mai yawa, da gangara wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta. Shi ya sa masu roƙon a ba su dashe su kawo Rigasa ko Kawo muke gaya musu gaskiya: ba zai yi ba.

Muna hana baƙi tsinka ba da izini ba, muna hana yara ratsa tsakiyar layi. Kuma kafin a ɗauki hoton mai aiki a gaishe ta a tambaye ta. Hausa tana yi a can, amma Fillanci ya fi yawo, shi ya sa ɗan jagoranmu ɗan yankin ne.

Daga lambu ganye ke zuwa sikeli, daga nan masana'anta, kuma ba a so ya daɗe a danne cikin buhu, domin yana ɗaukar zafi ya fara ja tun kafin lokacinsa. Aikin baƙin shayi mataki-mataki ne. Ana baza ganyen a dogayen kwamaye, iska na busawa ta ƙasa, awa 12 zuwa 18, har ya yi yaushi. In ka dunƙule shi a hannu ba ya karyewa. Sai injin da ke murƙushe shi ya yayyaga shi ya mulmula shi ƙanana. Sai a bar shi ya sha iska awa ɗaya zuwa biyu, a nan kore ke komawa launin jan ƙarfe, ƙamshin da muka sani ya taso. In an gaggauta, shayin ya yi ɗanye-ɗanye. In an wuce, ya yi lami. Sai busarwa da iska mai zafi har danshinsa ya koma kusan kashi 3 cikin 100, sannan a tankaɗe a raba manya da ƙanana. Ɗanyen ganye kilo huɗu zuwa biyar ne ke ba da kilo guda. Koren shayi daga wannan shukar yake, bambancin kawai ana ba shi zafi tun farko don kada ya sha iska ya yi ja.

Abu guda da muke nanatawa tun daren: ranar shiga masana'anta ba turare, ba humra. Busasshen shayi yana jan ƙamshin duk abin da ke kusa da shi. Haka idan an saya, ba ya shiga but ɗaya da jarkar fetur, sabulu, kilishi ko daddawa. Muna zuwa da robobi masu murfi saboda shi. Masu shayin Kaduna da ke biyo mu don su gwada ganyen, muna ce musu su jira sai an dawo gida kafin su yanke hukunci, domin a wannan tsayin ruwa yana tafasa a kusan digiri 95, bai kai zafin na gida ba, ganyen ba ya sakin jikinsa duka.

Rana ta biyu a sama ta hutu ce: kasuwar Nguroje ko ta Gembu, kindirmo da man shanu, zuma, fiya, ayaba, ga masu ƙarfin ƙafa kuma dajin Ngel Nyaki.

Kuɗin tafiyar daga mai muke fara lissafa shi. Muna ɗaukar lita ɗaya a kilomita 7, zuwa da dawowa ya haura lita 300, mu ƙara kashi 15 saboda hawa da tsadar mai a saman tsauni. Sai masauki na dare bakwai, abincin direbobi, ladan ɗan jagora, da kason gyaran mota, domin duk dawowa sai an sake taɓa birki. Idan mutum bai kai 10 ba tafiyar ba ta fitar da kanta, sai mu ɗaga. Rabin kuɗi ake biya kafin alƙalami mako biyu kafin tashi, saboda da shi ake kama ɗakuna.

Saukowa ta fi hawa haɗari, ga shi lokacin kowa ya gaji, mota ta ƙara nauyi da buhunan dankali da ayaba. Muna iyakance tsaraba, kowa abin da bai wuce kilo 10 ba. Ana jira hazon safe ya ɗaga, wajen ƙarfe 9. Giyar da aka hau da ita da ita ake sauka, inji ne ke riƙe mota, birki taɓawa ake yi a saki, ba a kwantar da ƙafa a kansa, ba a kuma sa mota a firi don tsimin mai. A tsakiyar gangara muna tsayawa sau ɗaya, bakanike ya zagaya ya kai bayan hannunsa kusa da kowace ƙafa. Wadda ta fi sauran zafi ko take warin ƙauri, birkinta na kamawa, ba a motsawa sai an sake shi. A Mayo Selbe ake cire rigunan sanyi, a sake duba man birki da iskar taya, sannan a kama hanyar Serti.