Neman Hoton Bangon Littafi Da Ƙaramin Jari

Lokacin da na kammala rubuta littafina na farko, kuɗin da ke hannuna na takarda da maɗaba'a ne kawai, ban ware wa bango ko sisi ba. Matashin da zai tsara mini bangon ya ce in kawo hoto, shi aikinsa jera rubutu da daidaita launi. A daren nan na shiga Google, na ga hoton wata mata sanye da mayafi tana duban taga, na tura masa ta WhatsApp ina murnar an gama. Da safe ya kira ni ya ce, "Malam, wannan hoton na wane ne?" Ban da amsa. Ya ƙara da cewa ko da nawa ne, WhatsApp ya matse shi har ya dagargaje, idan aka buga shi fuskar matar za ta fito dishi-dishi kamar an zuba wa tawada ruwa.

A wurinsa na fara koyon lissafin girman hoto. Maɗaba'a tana son ɗigo 300 a kowane inci, saboda haka littafi mai girman A5 yana buƙatar hoton da bai gaza fiksel 1748 a faɗi da 2480 a tsawo ba, kuma sai an bar rarar milimita 3 a gefe saboda wuƙar yanka. Idan hoton zai zagaya har baya, faɗin ya ninka, a haɗa da kaurin ƙashin bayan littafin.

Na koma rumbunan da ke bayar da hotuna kyauta, wato Unsplash da Pexels da Pixabay, waɗanda ƙa'idarsu ta yarda a yi kasuwanci da hoton ba tare da an biya ba. Hotunansu manya ne, masu kyau, amma na yi kwana biyu ina neman macen da ta yi kama da ta Kano ko Katsina, ana nuna mini matan ƙabilar Masai ta Gabashin Afirka da duwatsun wuya ko 'yan Legas a ofis. Iwaria da Nappy, waɗanda suka karkata ga Afirka da baƙar fata, sun ɗan fi kusa da buƙatata. A Wikimedia Commons kuwa, wato rumbun da Wikipedia ke ɗaukar hotuna, akwai hotunan ƙasar Hausa birjik, albarkacin gasar ɗaukar hoto ta Wiki Loves Africa da aka fara a 2014, sai dai mafi yawansu suna ƙarƙashin lasisin da ya wajabta ambaton mai hoton, ya kuma ce abin da aka sarrafa daga hoton a sake shi da irin wannan lasisin. Wannan sharaɗi na biyu ya sa na ja da baya.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne maganar fuska. Izinin mai ɗaukar hoto daban, izinin wanda aka ɗauka daban, kuma rumbunan kyauta ba sa ba da tabbacin cewa mutumin da ke cikin hoton ya sa hannu a takardar amincewa. Labarina a kan bazawara ne da danginta suka juya wa baya. Na zauna na dubi wata matashiya da na samu a ɗaya daga cikin rumbunan, da lalle a hannu da murmushin da ya dace da jarumata ƙwarai, sai na tuna cewa tana da uwa da uba, wataƙila da miji, kuma littattafanmu a kasuwannin garuruwansu ake baje su. Ko doka ta ƙyale ni, ban ga da idon da zan dubi mahaifinta ba ranar da ya ga 'yarsa a bangon littafi da sunan bazawara. Na rufe hoton.

Daga nan na leƙa masu sayarwa, Shutterstock da Adobe Stock da iStock. A nan ana bayyana ko akwai takardar amincewa, kuma lasisin gama-gari na Shutterstock da Adobe Stock ya kai kwafi 500,000, adadin da marubuci irina ba ya ko mafarkinsa, don haka babu dalilin sayen babban lasisi mai tsada. Tarkon da ke wurin guda biyu ne. Kyawawan hotunan hawan sallah da na kasuwa galibi an yi musu alamar cewa na aikin jarida ne kawai, ba a yarda a yi tallar haja da su ba. Na biyun kuwa rajistar wata-wata ce mai arha a ido, wadda sau da yawa yarjejeniyar shekara ce, kuma mai fita kafin wa'adi sai ya biya tara. Ni hoto ɗaya nake so, saboda haka na nemi ƙaramin ƙunshi da ake biya sau ɗaya a gama. Katina na naira ya ƙi wucewa, sai da wani ɗan'uwa mai asusun dala ya biya, bayan na buɗe rajistar da sunana domin lasisin ya zama nawa.

Hoton da na saya ba shi da fuska: hannun mace ne riƙe da ƙullin kaya a bakin wata tsohuwar ƙofa. Kafin in biya na bincika shi da TinEye da Google Lens, masu gano inda aka yi amfani da hoto a intanet, domin duk hoton da ke rumbu wani ma yana iya sayensa, ban kuwa ga wani littafi da ya ɗauke shi ba. Mai tsara bangon ya juya launin zuwa CMYK, wato tsarin launin da maɗaba'a ke amfani da shi, jan lallen da ke hannun matar ya ɗan dushe a gwajin farko, muka ƙara masa ƙarfi. Rasidin da takardar lasisin suna nan cikin ambulan ɗaya da yarjejeniyar maɗaba'a.