Talata, shagon Kawu

Zafin Birnin Kebbi yau ba a magana. Da hantsi na isa Badariya, Kawu ya riga ya buɗe, masu cike fom sun yi layi a kan benci.

Akwai wata tsohuwar kwamfuta a bakin ƙofar shagon. Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025 nake masa naci a yi mata wani abu, ga shi ba za ta ɗauki Windows 11 ba don ba ta da TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da Windows 11 ke buƙata. Yau dai ya yarda, na sa mata Ubuntu 24.04, wata manhaja da ke maye gurbin Windows. Ta tashi garau, har ina tsokanar Auta cewa tsohuwa ta koma budurwa. Muka ci ƙosai, ana ta dariya.

Sai intanet ta ce ba ta san zancen ba.

Kebul a jone, 'yar fitilar bayan kwamfutar tana ƙyaftawa, amma ko shafi ɗaya bai buɗe ba. Na buga umarnin ip a don in ga halin da haɗin yake ciki. Katin da kebul ɗin intanet ke shiga yana nan da sunansa, enp2s0, a tashe, sai dai ba shi da adireshi, wato lambar da ake gane na'ura da ita a kan intanet. Na jona wayata ta USB na raba mata data, nan take ta shiga. Ke nan ita lafiyarta lau, rauta, na'urar da ke raba intanet a shagon, ita ce ba ta ba ta lamba.

Ina cikin wannan Kawu ya tsaya a kaina.

"Ta kama?"

"Saura kaɗan, Kawu."

"Wanga aiki naka dai. Yaron da ya haɗa muna ita da farko, ko shayinsa bai huce ba ya gama."

A gaban mutane ya faɗa. Wata mata a benci ta yi dariya. Na ce, "Haka ne, Kawu," na sunkuyar da kai ga allo.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wannan yaron da ake yabo shi ya haƙa ramin. Da na leƙa ɗaya kwamfutar, mai Windows, na buga ipconfig /all, sai na ga DHCP, tsarin da ke raba wa na'urori adireshi kai tsaye, a kashe, adireshin da hannu aka rubuta shi. Na shiga rautar, can ma ya kashe DHCP, wato ya hana ta raba lambobi da kanta. Duk na'urar da ta shigo sabuwa haka za ta yi ta jira ba mai kula ta. Wataƙila yana da dalilinsa, ko don firinta ya yi, ban ƙi ba. Amma ko a bayan kalanda bai rubuta lambobin ba, bai gaya wa kowa ba, ya karɓi kuɗinsa ya tafi da suna mai kyau. Ni da ba a biya na, ni ne mai nawa.

Na so in bayyana wa Kawu. Ta ina zan fara? Ya ɗauke ni tun ina cikin zanen goyo, bai taɓa ganina a matsayin wanda ya san wani abu ba, kuma ba DHCP ce za ta canza wannan ba.

Gyaran kansa bai kai ya kawo ba. Fayil ɗaya a /etc/netplan, inda Ubuntu ke ajiye saitin haɗin intanet: adireshi 192.168.0.20/24, hanyar fita 192.168.0.1, DNS, mai fassara sunan shafi zuwa lamba, 8.8.8.8. Na bar Auta ya buga don ya koya, ya danna Tab, YAML kuwa, tsarin rubutun fayil ɗin, ba ta karɓar Tab, sai tazara zalla. Muka gyara. Ina son umarnin netplan try, mai gwada sabon saiti, saboda tana ba ka daƙiƙa 120, in ba ka tabbatar ba ta mayar da komai yadda yake. Na gwada haɗin da ping, ya amsa.

Daidai lokacin Kawu ya zare wutar rautar ya mayar, yadda ya saba. Da ta dawo, shafi ya buɗe, ya dube ni.

"Ka gani? Tun ɗazu na ce a kashe a kunna."

Ban ce komai ba. Na rubuta lambobin a takarda na manna a gefen rautar.

La'asar a masallacin layi. Gwaggo ta aiko da tuwon shinkafa da miyar kuka, ban ci da yawa ba. Firinta kuma sai gobe, in ya kira.