Abin da ɗan yayana ya faɗa da laka

A shekarar 2015 aka kawo mana ɗan yayana garin Marwa daga wajen Kolofata, a arewacin Kamaru, yana ɗan shekara shida, bayan hare-haren Boko Haram sun tashi ƙauyensu. Ya yi watanni ba ya magana sai an matsa masa, yana fitsarin kwance, kuma ko babur ne ya yi ƙara a ƙofar gida sai ya shige ƙarƙashin gado. Mun yi masa addu'a, mun lallashe shi, wani lokaci ma na yi masa tsawa, abin da har yau nake nadamarsa.

Wata ma'aikaciyar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta taɓa aiki a sansanin 'yan gudun hijira na Minawao, kusa da Mokolo, ita ce ta karɓe shi, sau ɗaya a mako, kamar minti arba'in. Takan shimfiɗa tabarma, ta ajiye laka da farantin yashi da 'yar tsana da motar kara, sannan ta zauna ba tare da ta tambaye shi kome ba. Yakan gina ɗakuna uku, ya rushe su da tafin hannu, ya sake ginawa, ita kuwa iyakar abin da take cewa shi ne, "Ɗakin ya faɗi, ka sake tayar da shi." Da farko na ɗauka ɓata lokaci ne.

Ashe hanyar ta daɗe. Likitar yara Margaret Lowenfeld ta fara amfani da farantin yashi a Landan a 1929, masaniyar halayyar ɗan Adam Virginia Axline kuma ta tsara ƙa'idojin jinya ta hanyar wasa a Amurka a 1947: yaro ne ke jan ragama, babba ba ya gyara masa wasa, sai dai ya hana shi cutar da kansa ko wani. Hikimar ita ce ƙaramin yaro ba shi da kalmomin da zai bayyana firgici, amma idan ya maimaita abin da ya gani a inda ƙarshen labarin yake hannunsa, tsoron yakan ragu a hankali. Aikin ƙwararru ne, ko da yake mu iyaye muna iya koyon zama kusa mu yi shiru.

A wata na uku ya binne 'yar tsanar cikin yashi, ya juyo ya dube ni, ya ce, "Goggo, wannan ta ɓuya, ba su gan ta ba." Daga nan ya tono ta, ya kakkaɓe mata yashin, ya sa ta a ɗakin da bai rushe ba.