Katafila a kan ƙanƙara: wane kauri ne zai ɗauke ta?

Duk direban katafila a Kano ya san amfanin ƙafar sarƙa. Inda tifa za ta kafe a taɓon fadama ko a bakin kogin Challawa wajen ɗibar yashi, ita katafila sai ta wuce abinta, domin sarƙar ta baza nauyin a kan ƙasa. To wannan ilimin, wanda gaskiya ne a laka, shi ne yake iya halaka mutum idan aiki ya kai shi Kanada ko Rasha, aka ce ya hau tafkin da ya daskare.

Dalilin kuwa, ƙanƙarar tafki shimfiɗe take a kan ruwa, ba abin da ya tokare ta a ƙasa. Idan nauyi ya hau ta, ba wurin da sarƙa ta taka kaɗai ke lotsawa ba, fili ne guda mai faɗin mitoci da yawa yake lanƙwasawa. Saboda haka ƙanƙara ba ruwanta sosai da faɗin sarƙarka. Jimillar nauyi take ji: injin, da guga ko bilet, da man da ke tanki, da kai kanka.

Lissafin da aka fi aiki da shi na Lorne Gold ne, wani mai bincike ɗan Kanada da ya wallafa shi a 1971. Ka auna kaurin ƙanƙara da santimita, ka ninka lambar da kanta, sannan ka ninka da 4. Abin da ya fito shi ne kilogiram ɗin da za ta ɗauka. Santimita 30 ke nan kilo 3,600, daidai Hilux da kayanta. Santimita 50, tan 10. Motar haƙa irin Cat 320, mai kusan tan 22, tana buƙatar santimita 75. Katafilar ture ƙasa irin D8 kuwa, da ta doshi tan 40, sai ƙanƙarar ta kai mita guda. Lambar 4 ɗin nan ana iya ɗaga ta zuwa 5 ko 6, amma sai a hanyar da injiniyoyi ke aunawa kullum. Wanda ba shi da wannan gatan, gara ma ya sauko 3.5.

Sai dai ba kowace ƙanƙara ake ƙirgawa daidai ba. Ka tuna bulon ƙanƙarar da ake sayarwa lokacin azumi: gefen da ya fito garau kamar gilashi da ƙyar ake fasa shi, tsakiyar nan fara mai kumfar iska kuwa tana shan guduma sai ta ruguje. Haka abin yake a tafki. Garau ɗin, mai duhu-duhu ko shuɗi, ita ake ƙirgawa cikakkiya. Farar da ta samu daga jiƙaƙƙiyar dusar ƙanƙara, rabin kaurinta ake ɗauka. Idan ka huda ka sami garau 50 da fara 30, kana da 65 ke nan, ba 80 ba, kuma Cat 320 ba ta hawa. Idan kuma akwai ruwa ko caɓi a tsakanin hawa biyun, ba a haɗa su. Ka lissafa hawa ɗaya kawai.

Ana hudawa ne a wurare da yawa a tsawon hanyar, ko a ja na'urar rada mai auna kauri a kai, kuma wurin da ya fi siranta shi ne hukunci. Mashigar kogi, da mafitarsa, da matsatsin da ke tsakanin tsibirai, nan ruwa ke gudu yana cin ƙanƙarar ta ƙasa alhali samanta lafiya lau. Tsagar da ta bushe ba ta cika tayar da hankali ba. Wadda ruwa ke ɓulɓulowa ta cikinta kuwa ta ratsa har ƙasa, sai a rage nauyin da aka yarda da shi zuwa rabi.

Gudu ma masifa ne. Mota mai tafiya tana tura igiyar ruwa a ƙarƙashin ƙanƙara, idan gudun ya yi daidai da na igiyar sai lotsawar ta ninku, musamman dab da gaɓa inda igiyar ke dawowa. An ga haka a tafkin Ladoga da ke Rasha a hunturun 1941, lokacin da Jamusawa suka yi wa Leningrad ƙawanya: motocin da ke kai wa birnin kaya ta kan tafkin suna burmawa a ƙanƙarar da ya kamata ta ɗauke su. A hanyar Tibbitt zuwa Contwoyto da ke arewacin Kanada, wadda ake kai kaya ma'adinan lu'ulu'u ta kanta, tirela mai kaya ba ta wuce kilomita 25 a awa, da tazarar rabin kilomita tsakanin mota da mota, kuma ba a yin cikakken lodi sai kaurin ya haura mita guda.

Katafila dai ba gudu gare ta ba, nata haɗarin tsayuwa ne. Lissafin Gold na abin da ke tafiya ne. Injin da ya tsaya sama da awa biyu wuri guda, ƙanƙarar za ta dinga lotsawa a hankali har ta karye. Masu aikin sukan huda rami kusa da injin su sa ido: da zarar ruwan ramin ya taso ya daidaita da saman ƙanƙara, a janye nan take. Kada a juya a wuri ɗaya, domin haƙoran sarƙa suna kankare saman, kuma kada a tara dusar da aka ture a kusa da hanya, tulin nauyi ne, sannan yana hana ta ƙarƙashinsa yin kauri. Idan sanyi ya ƙaru kwatsam cikin kwana guda, ƙanƙara takan tsattsage, sai a dakata a sake dubawa. Idan kuma yanayi ya yi ɗumi ya haura sifili a ma'aunin Celsius, kaurin yana nan amma ƙarfin ya ragu.

Direba kuma ya shiga da rigar da ke hana nutsewa, ƙofa a zare, ƙyauren saman ɗakin tuƙi a buɗe, da wani a nesa riƙe da igiya da rediyon oba-oba.