Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Wakilin Bauchi da Babu Wanda Ya Dangwala Masa

Makon jiya na tsaya a inda na samu ɗaki a gidan wani dattijo a Bauchi, shekarata ta biyu da fara koyarwa. Shekarar 1983 ce, guguwar zaɓe ta taso, Tatari Ali na neman komawa kujerar gwamna a jam'iyyar NPN, mu kuma malaman firamare an ɗebe mu aikin rumfuna. Wani dare ina zaure da fitilar ƙwai ina bitar takardar aikin, sai Baba mai gida ya leƙo.

"Malam, wannan karatu haka, jarrabawa za ka yi?"

Na ce, "A'a Baba, aikin ƙuri'a ne."

Ya yi dariya, ya jawo buzunsa ya zauna. Ya ce a zamaninsu wakilin Bauchi ya shiga majalisa ba tare da talaka ko ɗaya ya dangwala yatsa ba.

Baba ya yi Midil ta Bauchi lokacin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ke koyarwa a can, shi ya sa bai taɓa ce masa Firayim Minista ba, kullum "Malam" yake cewa. Ya ba ni labarin yadda Malam ya gama Kwalejin Katsina a 1933, ya je Landan ƙaro ilmi a 1945, ya dawo a 1946 aka tura shi Majalisar Wakilai ta Arewa a Kaduna. Wa ya zaɓe shi? En'e, wato hukumar sarki. Haka tsarin mulkin Gwamna Richards ya tanada, hukumomin sarakuna ke fitar da wakilan larduna. Daga nan 'yan majalisar suka zaɓe shi zuwa ta Legas a 1947.

Inda Baba ya gyara zama shi ne 1950. A watan Agusta, Malam ya miƙe a majalisa ya kawo ƙudurin a binciki tsarin En'e a gyara shi, a ba talaka bakin magana a mulkin garinsa. Ku duba fa, En'en da ta aike shi ita ya ce a yi wa garambawul. Ni da nake tsoron musa wa hedimasta a kan jadawalin darasi, sai na ji kunya ta kama ni. Baba ya ce ran manya da yawa ya ɓaci, amma bincike ya biyo baya, har aka yi sabuwar dokar En'e a 1954.

Sauran kowa ya sani: jam'iyyar NPC, ministan ayyuka a 1952, Firayim Minista a 1957, sai Janairun 1966 da aka kashe shi. Baba bai son wannan gaɓar, tsallake ta ya yi.

Na tambaye shi yaushe ya fara jefa ƙuri'a da hannunsa. Ya ce zaɓen 1959, kuma ran nan Inna matarsa tana gida, don mata a Arewa ba su da ƙuri'a tukuna. Daga cikin gida sai muka ji muryarta, ashe tana saurare. Ta ce tun 1979 ta fara, kuma gobe ma ita za ta riga shi bin layi.

Ta riga shi kuwa. A rumfata ma aka sa sunanta, kuma abin da ya faru tsakanina da ita a gaban akwati sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.